Maman Joanna Mai Kai Tuwo Caji Ofis

Duk wanda ya taɓa sauke albasa a Kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha, in dai yana da ciki, ya san rumfar Maman Joanna. Sunanta na yanka Eunice, amma in ka shiga kasuwa kana tambayar Eunice sai a ce maka babu mai wannan suna. Ni Hajo, 'yar Indabawa ta Kano, mai tattasai da attaruhu, rumfata ce ke jingine da tata. Katako ɗaya ya raba mu, shi ma ɗin duk ya ɓule. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. In kun ji ina ɗaga murya ku yi haƙuri, haka Allah ya yi ni, kuma maganar ma ba ta sanyin rai ba ce.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Kafanchan. Tana amarya ta biyo mijinta Nehemiah zuwa Anacha, lokacin yana yaron mota a wata babbar motar albasa. Daga baya ya koma okada, wato acaɓa, da aka hana okada ya koma keke mai ƙafa uku, yana jigilar buhuna tsakanin Head Bridge, can bakin gada, da Ose. Ranar da na fara ganinta ta zo sayen attaruhu, siririya, ɗankwali har gira, ta ɗauki ɗaya ta gatsa ta ce min wai ba shi da yaji. Na ce to ke 'yar nan, harshenki ne ya mutu ko kuwa rainin hankali kika zo da shi? Ta yi dariya har da hawaye, hawayen attaruhun ne, tana ta fifita baki. Tun daga ranar take ce min Yaya Hajo.

Ita ta lura da wahalar da mutanenmu ke sha da abinci. Mutum ya kwaso albasa tun daga Aliero, ya yi kwanaki a kan hanya, ya sauka a miƙa masa akpu, tuwon rogon nan nasu, ya shinshina ya ture. Sai ta ɗora tukunya ɗaya ta tuwon masara da miyar kuka. Kirista ce, kuma ta san halinmu da wasi-wasi, saboda haka namanta a hannun Falalu mahauci take saya, a gaban kowa, da murya a sama, don kada wani ya zauna yana tambayar wa ya yanka. Ba a daɗe ba tukunya ta zama uku. Ranar Lahadi rumfa a rufe take, ko gwamna ne ya zo sai dai ya haƙura, tana coci cikin zanin zumuntar mata.

Akwai wani caji ofis da ba shi da nisa da kasuwa. Ba zan kira sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. A can, wanda aka jefa bayan kanta ba ya da abinci sai wanda nasa suka kawo. To mutumin da uwarsa ke Sakkwato, matarsa ke Gashuwa, wa zai kai masa? Wata rana aka kama wani direba baƙo, Sarkin Hausawa ya aiko a roƙi Maman Joanna ta taimaka ta kai masa ko loma ce. Ta kai. Daga nan abin ya zame mata aiki, ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

Aikin yana da ƙa'idarsa. In ka kai abinci sai ka buɗe kular a kan kanta, ka yanki loma ka dangwali miya ka haɗiye a gaban ɗan sanda, ka kurɓi ruwan da ka kawo, don a tabbata ba guba ka zo da ita ba. Sannan a shiga da shi, kai kuma ka koma gefe ka jira. In kula ta dawo wayam, mutuminka yana ciki, kuma yana da ƙarfin ci. In aka turo maka ita a cike aka ce ba ya nan, to ɗaura ɗamara, sai yawon kotu da asibiti. Ba a barin ka ka ga mutum, ba a gaya maka komai, kular nan ce kaɗai ke ba da labari. Shi ya sa da la'asar wayar Maman Joanna ba ta hutawa. Tsofaffi daga arewa, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta ba, tambayarsu ɗaya ce: “Ya ci?” Ita kuma ta ce, “Ya ci, Baba, har ya suɗe.” Sai ka ji an sauke ajiyar zuciya daga can.

Ana cikin haka aka kawo Sajan Ernest wannan ofis. Ya zo cin tuwo, ya ji tana yi wa mijinta magana da yarensu, ya ajiye loma ya amsa mata. Ashe ƙauyensu da nata rafi ne kawai ya raba. Wayyo, zo ku ga murna! Ka ce ɗan da ta haifa ne ya dawo daga yaƙi. Cocinsu ya zama ɗaya. Ita ta nemo masa ɗaki kafin a ba shi a bariki. Da matarsa Happiness ta haihu ba ta da kowa a nan, Maman Joanna ce ta rufe rumfa da wuri tana zuwa yi mata wankan jego. Yana ce mata Anti, yana ce wa Nehemiah Yaya, ya shigo gidansu ba sallama ya buɗe tukunya.

Ni fa ban taɓa sakin jiki da shi ba, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata, Maman Joanna, sabo da kaza ba ya hana yanka ta, mai kaki mai kaki ne. Ta ce, “Haba Yaya Hajo, ke kowa mugu ne a wurinki. Ernest ɗan gida ne.” Kuma tsakani da Allah, ya yi abin kirki a lokacin. Wasu na shanye a rana suna jira, ita tana zuwa yake karɓar kularta. Akwai 'yan dako da aka kwasa ba gaira ba dalili, ya sa baki aka sake su. Har ni na fara jin kunyar bakina.

Nehemiah kuwa dogo ne, mai sanyin magana, irin mutumin da in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Hawan jini ya kama shi, likita ya hana shi gishiri da magi. Kullum bayan manyan tukwanen kasuwa akwai wata 'yar ƙaramar tukunya a gefen murhu, tasa ce shi kaɗai. Yakan ci yana yamutsa fuska, ya ce min, “Hajiya, ki yi mata magana, wannan miya kamar ruwan wanke kwano.” Ita kuma ta ce ya ci ko ya bari, ba ta shirya zama gwauruwa ba.

Da damina abin ya faru. An ce wasu sun far wa 'yan sanda a wani shinge a bayan gari sun ƙwace bindiga. Washegari da safe motoci suka dira Head Bridge, waɗansu masu baƙaƙen riguna suka diro, suka hau kamen duk wanda ƙafarsa ba ta ɗauke shi ba. Mai rake, mai faci, ɗan dako da buhu a ka, duk aka haɗa. Falalu yana wurin, ya laɓe bayan wata mota, shi ya kawo mana labari yana haki. Ya ce Nehemiah bai gudu ba. Ya sauko daga kekensa ya ɗaga hannu, yana roƙon a bar shi ya gyara keken daga kan titi kada mota ta take. Wannan ne laifinsa. Ɗaya daga cikinsu ya juya bindiga ya sauke masa gindinta a ƙeya. Ya faɗi, suka bi shi da takalmi, suka ɗauke shi hannu da ƙafa suka wurga a mota.

Ni na ɗora hannu a ka ina salati. Ita kuwa ta goge hannu a zani, ta ce, “Ai gidanmu aka kai shi. Bari in ga Ernest.”

Tare muka je. Ernest ya fito ya ja mu bayan ofis, ƙarƙashin wani mangwaro, yana waige-waige. Ya ce, “Anti, Yaya yana ciki. Amma maganar ba a hannunmu take ba, ta waɗannan baƙin ce da aka turo daga sama. Ba a ganin kowa. Ki saurare ni da kyau: kada ki kawo lauya, kada ki kawo Fasto, kada ki kai wa Sarkin Hausawa. In aka yi surutu za su ɗauke shi su kai inda hannuna ba ya kaiwa. Ki bar min, ina lallaɓa su. Ki dai riƙa kawo abincinsa ki ba ni hannu da hannu.”

Da rana ta dawo da 'yar kularsa. Ta kai hannu za ta buɗe ta ɗanɗana yadda ta saba, ya dafe murfin. Ya ce, “Haba Anti, ke za ki sa wa Yaya guba?” Wannan magana ta yi mata daɗi ƙwarai, har ta maimaita min ita a hanya. Bayan ɗan lokaci ya fito da kular, babu komai a ciki, har an ɗauraye ta. Ta rungume ta a ƙirji ta ce min, “Ya ci.” A nan take ta kira surukarta Dada a ƙauye, tsohuwar da ido ya fara gaza mata, ta gaya mata ta kwantar da hankali, ɗanta yana ci.

Haka aka shiga yi. Kwana ya zama mako, mako ya haifi wani. Kullum ƙaramar tukunya na kan wuta, ba gishiri ba magi. Yau kuɓewa busasshiya, gobe faten acca da yake so, jibi farfesun kayan ciki wanda Falalu ke ba ta kyauta. Takan ƙulle ƙwayar maganinsa a leda ta ɗora a kan tuwon. Kula ta tafi a cike ta dawo wayam, a kira Dada.

Waɗanda aka kama tare da shi aka fara sakinsu ɗaya-ɗaya, wani da karyayyen hannu, wani ba ya iya zama. Duk wanda ya fito sai ta bi shi har masauki. Kowa ya ce ɗakinsu ba ɗaya ba. Mai rake ne kawai ya ce ya gan shi a cikin mota a kwance, an kira shi bai amsa ba, da aka isa kuma aka raba su. Ta kai wa Ernest wannan magana, ya ce suma ce ya ɗan yi, ya farfaɗo tun ranar, yanzu har tsokanar 'yan ɗakinsu yake. Ta aika da riga wankakkiya, ta ce a ba ta mai dattin. Ya ce an riƙe ta cikin kayan bincike.

Ni hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce mata, ke baiwar Allah, wane irin tsarewa ne wannan, ba kotu, ba beli, ba ko murya ta waya? Tashi mu je wurin Sarki. Ta ce Ernest ya ce a'a. Na ce Ernest ubanki ne? Ta ce min, “Yaya Hajo, shekara nawa ina wannan aiki? Ni za a koya wa? Wanda ba ya nan ba ya cin tuwo.” Muka yi ta, har na ce mata wawuya, muka kwana biyu ba ma gaisawa ta ɓular katako. Fastonsu ma ya samo wani lauya da ya ce zai tsaya kyauta. Har ƙasa ta durƙusa tana roƙonsa don Allah ya janye, kada a ɓata wa Ernest shirin da yake yi. Kuma duk Lahadi, in aka tashi addu'a domin Nehemiah, Ernest na nan a layin gaba cikin farar riga, ido a rufe, aminsa ta fi ta kowa ƙarfi. Wannan ita ta gaya min da bakinta, tana yabonsa.

Ranar da asiri ya tonu, rana ce kamar kowace. Azahar ta yi, benci ya cika. Sai ga wata kofur, mace mai jiki, Ibo, ba a daɗe da kawo ta ofishin ba. Ta zauna ta sa a zuba mata tuwo. Ta ci loma biyu ta gyaɗa kai, ta ce da Turancin kasuwa, “Madam, na you dey send that food come counter? E dey sweet o, but abeg put small salt. This one better pass.” Wato ita ce ashe mai aiko musu abinci kanta, yana da daɗi, amma don Allah ta riƙa sa gishiri, wannan na rumfa ya fi shi.

Ina jin wannan na saki mudun da ke hannuna na leƙo. Maman Joanna na tsaye da ludayi, miya na ɗiga a ƙafarta ba ta ji ba. A hankali ta tambaye ta su wa ke cin abincin. Matar ta ce su ne mana, 'yan kanta, Oga Ernest ya ce kyauta ce daga yayarsa, kowa yana sa hannu. Ta ce to shi mai abincin fa, Nehemiah, dogo, mai keke? Matar ta ce wane ne haka? Ita ke ƙirga na ciki duk safiya tun da ta zo, ba ta taɓa jin wannan suna ba. Sai ta dube mu, ta ga fuskokinmu, ta ajiye lomar da ke hannunta. Ba ta san ta yi komai ba, baiwar Allah. Ta wanke hannu ta fice ba ta gama ba.

Maman Joanna ta ajiye ludayi ta kashe wuta, ta bar mutane da kwanoni a hannu. Na bar tattasaina a buɗe na bi ta. Ba ofis ta nufa ba, bariki ta nufa, don ta san ranar Ernest yana hutu. Happiness ce ta ɗaga labule. Tana ganinmu ta sunkuyar da kai ta ja yaron da ke riƙe da zaninta ta shige ciki. A nan na gane ita ma ta sani. Matar da Maman Joanna ta gasa wa jiki da ruwan zafi da hannunta!

Ernest na zaune da singileti yana kallon talabijin. Ya miƙe yana “Anti, sannu da zuwa,” ta ce masa, “Ina mijina?”

Ya fara kame-kame, ta sake cewa, “Ernest, ina mijina?” Sai ya zauna. Ya rufe fuska da tafin hannu, ya ce Yaya bai farfaɗo ba. Tun a mota bai sake motsi ba. An kwantar da shi a baranda ta baya, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Masu baƙar riga suka ce a kai shi mutuware a ce ɗan fashi ne da ba a san sunansa ba. Shi Ernest yana cikin waɗanda suka ɗauke shi, shi ya kama wajen kai. Wato lokacin da ya dafe murfin kula yana cewa ke za ki sa wa Yaya guba, mutumin na kwance a bayan ginin nan yana fitar da numfashin ƙarshe.

Ya ce, “An ce duk wanda ya buɗe baki zai bi shi. Ina da yara, Anti. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki.”

Ni kam na rasa inda zan sa kaina. Na zage shi tas, na zagi kakinsa, na ce Allah ya isa, Allah ya tsine wa cikin da ya ci wannan tuwo. Na ce ai dama da ɗan gari akan ci gari. Maƙwabta suka fito suna leƙe, ban fasa ba. Ita kuwa ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce masa, “Maganar tsoro na ji ta. Amma abincin fa? Me ya sa kuka ci?”

Ya ce, “In na dawo miki da shi a cike, za ki gane.”

Wannan magana har yau in na tuna ta sai jikina ya yi sanyi. Ya san abin da ta dogara da shi, ya san yadda take karanta kular nan, don a gabansa ta yi shekaru tana yi. Da abin da ta sani ya ɗaure ta. Baƙo ba zai iya haka ba, sai wanda ya ci a tukunyarka.

Ta tambaye shi wane asibiti, ya faɗa. Muka tari keke muka tafi. Mai kula da mutuwaren wani dattijo ne, ya saurare mu da haƙuri. Ya ce ya tuna dogon mutumin da 'yan sanda suka kawo da rauni a ƙeya. Ya daɗe a wurinsu, ana jiran ko wani zai zo nema. Da ba wanda ya zo, wuri kuma ya cika, makon da ya wuce aka kwashe su su da yawa a motar hukuma, aka binne a rami ɗaya a bayan gari. Ya ce, “Madam, da kin zo da wuri da kin same shi.” A nan ne ta zauna a dandamalin siminti ta buɗe baki, kukan ya ƙi fita. Duk kwanakin nan da take daka acca tana tankaɗe, yana nan kwance, tafiyar keke ɗaya daga rumfarta, ba wanda ya ce nasa ne.

Ku da ba ku san mutanensu ba, ku gane. A wurinsu namiji ko a ina ya mutu sai an kai shi gida. Ko bashi za a ci, ko gona za a sayar, sai an sa shi a mota an kai shi an kwantar a bayan gidan ubansa. Ba domin Ernest ya hana ta motsi ba, da Fasto ko Sarki sun bi asibitoci tun makon farko, yadda aka saba, da an same shi. Ransa wasu suka ɗauka, wannan na bar su da Allah. Amma gawarsa Ernest ne ya raba ta da ita.

Daga baya lauya ya shigo, coci ta tashi, Sarkin Hausawa ya je da kansa har da rawani. Aka ce musu ba a taɓa tsare mai wannan suna a ofishin ba. Masu baƙar riga an mayar da su inda suka fito. Ernest aka yi masa canjin wurin aiki, suka kwashe kaya ba sallama. Falalu da mai rake sun ba da shaida, an ce ana bincike. Har yanzu ana binciken. Keken ma ba a gan shi ba. Rumfarta yanzu wani mai sayar da leda ne a ciki, ya toshe ɓular katakon da kwali.

Ni na raka ta gida. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba, amma na ce ba za ta shiga garin nan ita kaɗai ba. Joanna, 'yarsu da ke karatu a Kafanchan, ta tare mu a tasha, muka ƙarasa tare. A bakin ƙauye muka tarar da samari a tsaye gefen hanya, don al'adarsu ce su tari motar gawa su ɗauki akwatin a kafaɗa zuwa gida. An gaya musu babu gawa, amma sun fito. Suka ga mata uku sun sauko daga bas da jaka ɗaya. Suka buɗe mana hanya.

Tsakar gida cike take. 'Yan'uwan Nehemiah maza na zaune a benci, fuska a murtuke. Tun kafin mu zauna babbansu ya fara, da Hausa don ni ma in ji: “Ke kika riƙa kira kullum kina cewa yana ci. Mun so mu taso, kika ce mu zauna.” Na buɗe baki zan ba shi amsa, don wallahi ta zo min wuya, Maman Joanna ta riƙe min hannu. Ta ce gaskiya ya faɗa.

Dada na kan tabarma a jikin bango, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ido fari fat. Ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ta ce a kawo mata Eunice. Maman Joanna ta durƙusa a gabanta, tsohuwar ta lalubo fuskarta, ta sauko ta kama hannunta.

Ta ce, “Ba zan tambaye ki inda yake ba, an gaya min. Abu ɗaya nake so in ji. Duk abincin nan da kika dafa, ko sau ɗaya, ya shiga bakinsa?”

Na taka wa Maman Joanna ƙafa ta baya. Wallahi so nake ta yi ƙarya. In ta ce ranar farko ya ci, wa zai ƙaryata ta? Tsohuwa ce, kwana nawa ya rage mata? Amma ta gaji da faɗa wa matar nan abin da ba haka ba.

Ta ce, “A'a, Mama. Ranar da aka kama shi ma sammako ya yi, ya ce in rufe masa kununsa zai dawo ya sha. Da yunwa ya tafi.”

Tsohuwar ba ta saki hannunta ba. Ta juya fuska ga bango, ta fara kiransa a hankali da sunansa na yare, wanda duk zamanmu da shi a Anacha ban taɓa jin kowa ya kira shi da shi ba.